Gwaggo, Mai Karanta Zanen Yara

Ranar da muka dawo daga kai Gwaggo makwancinta, na kasa zama a tabarmar karɓar gaisuwa. In zauna, in tashi, in leƙa cikin gida, in dawo. Har sai da Baffa, ƙanen mahaifina, ya ja bakin rigata ya ce, "Kai, zauna mana. Gaisuwa mutane suka zo yi maka, ba kallon ƙeyarka ba." Na zauna. Ko minti biyar ban yi ba na sake miƙewa.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Allah bai ba ta haihuwa ba, mijinta kuma ya rasu tun ina firamare, don haka mun ɗauka zaman makokin ba zai wuce dangi da maƙwabta ba. Rumfa ɗaya muka kafa a ƙofar gidanta da ke bayan Abattoir, mayankar Jos. Kafin la'asar sai da aka ƙaro biyu. Mahauta suka zo da takalmansu na roba, direbobin keke suka jera kekunansu a bakin kwata, ga ma'aikatan asibiti, har da wani ɗan sanda cikin kaki. Kowa in ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan ta," sai ya ɗan tsaya ya ƙara da cewa, "Ni ma ɗan ajinta ne." Fiye da shekara talatin ta yi tana koyar da 'yan rabin aji, da ta yi ritaya kuma ta mai da zaurenta aji.

Muna nan zaune sai ga wata mata 'yar ƙabilar Ibo ta sauko daga keke tana kuka. Na gane ta. Tana da shagon kayan masarufi kusa da Gwaggo a da, kafin shekarun da gari ya hargitse kowa ya koma wajen nasa, ita ta koma Anguwan Rukuba. Madam muke ce mata. Ba ta bi ta ƙofar mata ba, gaban rumfar maza ta tsaya ta ɗora hannu a ka.

"Mama ya tafi! Wayyo Allah, Mama ya tafi, bai ba ni takardan yarona ba!"

Baffa ya dube ni, ya ɗauka takardar shaidar makaranta take nufi. Wani tsohon mahauci da ke zaune a gefe ya girgiza kai ya ce, "Zane take nufi, Alhaji. Zanen ɗanta. Ai na jikokina ma suna ciki."

Ni ban buƙaci bayani ba. Na san takardun, kuma su ne suka hana ni zama. Ina da 'ya, 'yar farina, shekararta biyar da 'yan watanni. Wata bakwai ke nan rabon da ta ɗauki fensir ta yi zane, kuma ni na jawo. Mutum ɗaya na sani a garin nan da za ta iya mayar mata da fensirin a hannu, ita ce kuma muka rufe da ƙasa yau ɗin nan, ba tare da mun shirya ni da ita yadda ya kamata ba. Shi ya sa nake rubuta wannan. Ina tsoron in na yi shiru a manta da irin aikin da ta yi, ni kuma in manta da abin da na faɗa mata.

Wanda bai san Gwaggo ba zai ɗauka mai tsince-tsince ce. Da hantsi za ka gan ta da tabarau a karan hanci tana zagaya masu tsire da mahauta, tana karɓar takardar buhun siminti, irin wadda suke naɗe nama da ita. Ta ware fallen ciki mai tsabta, ta goge da ɗanyen tsumma, ta shanya, ta bi da dutsen guga, sannan ta yanka daidai gwiwar yaro. In an ce mata, "Malama, ga farar takarda a kasuwa," sai ta ce farar takarda tana ba yaro tsoro, uban da ya saya kuma yana tsaye a kansa yana jiran a yi abin kirki. Takardar nama babu mai jin ciwon ta lalace.

Ba ta taɓa tambayar yaro, "Mene ne wannan?" Ta ce tambayar nan zagi ce, ma'anarta ban gane abin da ka yi ba. Abin da take cewa shi ne, "Ba ni labarinsa." Yaro ya yi ta zuba, ita kuma ta juya takardar ta rubuta abin da ya faɗa a baya, da shekarunsa har da watanni. Watannin nan ba ta wasa da su. Uwa ta ce mata, "Shekararsa huɗu," sai ta ce, "Huɗu da me? Ɗan huɗu da wata ɗaya da ɗan huɗu da wata goma ba mutum ɗaya ba ne."

Na sha ganin an miƙa mata zane ba tare da yaron yana wurin ba, ta gyara tabarau ta faɗi shekarunsa, kuma da wuya ta yi nisa da gaskiya. Matan unguwa har suna raɗa cewa tana da wani abu. Dariya take yi. Ta ce babu aljani a ciki, hannun yaro dai ba ya wuce inda kansa ya kai. Ɗan shekara biyu hannunsa ne ke gudu a kan takarda, kansa na bin baya, shi ya sa zanen ke fitowa kamar kaza ta yi tono. Can wata rana sai ya dubi tonon nan nasa ya ce, "Mota!" Bai yi niyyar mota ba, bayan ya gama ne ya ga motar. Gwaggo takan ce ranar nan kai ya fara kamo hannu.

Ranar da ta fi so ita ce ranar da yaro ya ja layi ya zagayo ya haɗe bakinsa. A kan wannan har alewa take rabawa. "Yau ya gane akwai ciki, akwai waje," in ji ta. Ba a daɗewa bayan nan sai ido biyu su faɗa cikin da'irar, ƙafa biyu su zubo daga ƙasanta, ga mutum ya samu, ba wuya ba ciki. Da yake yawancin ɗalibanta 'ya'yan mahauta ne, Alhaji Kai-da-Ƙafa take kiran mutumin nan. Ta ce duk ɗan Adam sai ya sauki Alhajin a gidansa, ya zauna da shi shekara ɗaya ko fiye, kuma ba a korarsa, da kansa yake tafiya.

Ɗan Madam ya kai shekara huɗu bai yi magana ba. An kai shi coci, an kai shi wajen mai magani, dangin uban sun fara cewa daga wajen uwar ne. Madam ta shigo da shi zauren Gwaggo a goye, ƙaton yaro. Gwaggo ba ta ce ya yi magana ba, takarda ta ba shi da guntun gawayi, ta ci gaba da tsince shinkafarta. Mako biyu yana zuwa. Ranar da ya zana babban kai da ƙaramin kai, ya ja layi ya haɗa su, ta kira Madam ta ce, "Ki daina kuka. Yaron da ya san wannan ke ce, wannan shi ne, kuma hannunsa na cikin naki, kansa lafiya lau. Ki kai shi asibiti a duba kunnensa." A kunnen matsalar take. Yau yaron nan magidanci ne, Madam ta ce in ya fara surutu sai an roƙe shi ya yi shiru.

Haka take bin su shekara bayan shekara. Wajen shida sai ƙasa ta zama layi a gindin takarda, sama ta zama wani layin a can bisa, tsakiya fayau. In ta tambaya me ke tsakiyar, su ce iska. A shekarun nan ne kuma 'ya'yan mahauta ke zana saniya da tumbinta da hanjinta duk a fili, kamar fatar gilashi ce. Wani malami ya taɓa sa jan biro ya soke irin wannan, wai ba a ganin hanji daga waje. Gwaggo ta bi shi har ofis. Ta ce masa yaron ya san hanjin na nan, kullum yana ganin ubansa na fito da shi, kuma yaro abin da ya sani yake zanawa, ba abin da ido ya hango ba. Ido sai wajen shekara takwas ko tara yake farkawa ya fara kushe hannu, a nan ne za ka ji yaro ya ce, "Ban iya ba," ya ajiye fensir. Wannan shekarar Gwaggo ba ta ƙaunarta, ta ce ita ke kwashe mata ɗalibai.

Duk takardun nan ba ta yar da ko ɗaya. Kowane yaro da ƙunshinsa, ɗaure da ƙyallen atamfa, a cikin akwatunan ƙarfe a ƙuryar ɗakinta. Kuma tana da ƙa'ida. Ba ta mayar maka da naka ranar da ka gama makaranta, ba ta ba ka ranar aurenka. Sai ɗanka na fari ya cika shekara uku za ta aika a kira ka, ta damƙa maka ƙunshinka ta ce, "Je ka ka duba yadda ka fara, kafin ka buɗe baki a kan na ɗanka."

Da 'yata ta cika uku ta aiko min. Na ce zan zo. Ban ɗauki abin da muhimmanci ba, don ni a ganina na wuce nan. Zanen taswirar gini nake yi a ofis, da rula da kwamfuta nake cin abinci, layin da ya karkace ko a bangon wani na gan shi sai ya tsaya min a rai. Gwaggo ma Injiniya take kirana in tana son tsokana, alhali ta san ban kai ba.

Abin ya faru ne wata Juma'a. Wani abokin aikina ya zagaya da wayarsa yana nuna mana zanen ɗansa, sa'an 'yata. Mutum cikakke, da wuya, da riga, har da maɓallai. Kowa na cewa yaron nan zai yi ƙwaƙwalwa. Na yi ta yaƙe, amma tun daga ofis har unguwarmu Daɗin Kowa zuciyata ba ta kwanta ba. Ina shiga gida 'yata ta taro ni da gudu. Sunan mahaifiyata na sa mata, don haka Mamana nake ce mata. Ta miƙo takarda ta ce, "Baba, ga ka!"

Ƙaton kai ne da ƙafa biyu, hannuwa sun fito ta inda kunnuwa ya kamata su kasance. Shekararta huɗu da wata bakwai a lokacin.

Ba zan ɓoye ba, tsoro ne ya kama ni, tsoron kuma ya fito da fuskar faɗa. Na ce, "Mamana, ina wuyana? Ina cikina? A ina nake zuba tuwon?" Ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. Na zaro kilina daga aljihu na goge shi tas a gabanta. Na zana mata mutum yadda ake zana mutum, na kama hannunta na bi da shi a kan layin, na ce ta yi guda goma. Ta yi. Ba ta yi kuka ba. Da ta gama na goman ta ajiye fensirin a kan tebur a hankali, ta tafi wajen uwarta.

Daga ranar ko da yatsa ba ta ƙara zane a ƙasa ba. Rubutun makaranta tana yi, amma in aka ce zane sai ta mai da hannuwanta baya ta ce, "Ban iya ba." Matata ta jure wata guda, sannan ta kwashe labarin ta kai wa Gwaggo.

Aka aiko in zo. Na same ta a zaure tana guga takardu, ko gaisuwata ba ta bari na ƙarasa ba.

"Injiniya, an ce ka goge kanka da kanka."

Na ce, "Gwaggo, gyara na yi mata. Sa'anninta sun wuce nan."

"Sa'anninta su wa? Ka ƙirga watanninsu? Ka tabbata ba uban ne ya riƙe wa ɗan abokin aikin naka hannu ba, kamar yadda ka riƙe nata?" Ta ajiye dutsen gugar. "Da ka ce mata ta sa maka cibiya, da ka ga inda za ta ɗiga ta. Tsakanin ƙafafun nan za ta sa, ƙasa da kai. Ta san kana da ciki, ɗan nan. Kanta ne bai kai ga riƙe abu biyar a lokaci ɗaya ba, sai ta ɗauki waɗanda suka fi mata amfani, fuskar da ke yi mata dariya da ƙafar da ke dawo mata da kai gida. Su ka goge."

Na ce zamani ya canza, yanzu gasa ake yi tun daga rabin aji, wanda ya yi jinkiri an bar shi.

Ta ce, "Ban-iya-ba ciwon 'yan shekara tara ne. Kai ka ɗauko shi ka kawo mata tana 'yar huɗu."

Maganar ta soke ni, kuma ni mutum ne da in an soke shi sai ya rama. Na ce, "Gwaggo, na wasu kika saba gani. Ba ki san yadda uba ke ji ba in ya ga nasa a baya."

Allah ya sani, tun kafin in rufe baki na so in mayar da ita. Matar da ta yi min wanka, ta goya ni lokacin da mahaifiyata ke jinya, ita na gaya wa haka. Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi, ta shiga ɗaki, ta fito da wani ƙunshi ɗaure da shuɗin ƙyalle ta ajiye a kan tabarma a gabana. Kunya da girman kai suka haɗu suka hana ni sunkuyawa. Na ce ina sauri, na fita na bar shi nan.

Ba gaba muka yi ba, kada in yi mata ƙarya. Ina kiran waya, tana amsawa. Da salla na je gaisuwa, ta sa min albarka, ta cika min kwano da nama. Sai da na zo sa takalmi ta ce, "Ƙawata ta yi zane?" Haka take kiran 'yata. Na ce karatu ya yi mata yawa. Ta ce, "Kawo min ita ta yini." Na ce Asabar mai zuwa. Ban san Asabar nawa na ce mai zuwa ba. Tsorona kada yarinyar ta mai da hannu baya a gabanta, in tsaya ina kallon aikina. Ana haka ciwon kwana huɗu ya kwantar da Gwaggo, ranar Talata da hantsi, ana yayyafi, ta cika.

Ranar sadakar uku masu tambayar takardu suka yi yawa, har Baffa ya gaji ya ce a fito da akwatunan tsakar gida, kowa ya ɗauki nasa a huta. Akwati huɗu ne. Da aka buɗe, ƙanshin kafur ya tashi. Na ga manyan mutane masu furfura sun durƙusa suna kwance ƙyalle. Tsohon mahaucin nan ya ɗaga saniyar jikansa mai hanji a waje, yana dariya hawaye na bin gemunsa. Madam ta sami na ɗanta ta rungume a ƙirji. Ashe jikarta ta fari wata mai zuwa za ta cika uku, shi ya sa take ta lissafin lokacin karɓa ya yi. Ta dube ni ta ce, "Oga, kai ba ka ɗauka naka? Mama ya ajiye, ka ɗauka."

Shuɗin ƙyallen na can saman akwati na ƙarshe. Na koma bayan ɗaki na kwance shi a tsaye.

Takarda ta uku ce ta kama ni. Ƙaton kai, ƙafa biyu, hannuwa ta wajen kunne. Na juya bayanta, ga rubutun Gwaggo: "Shekara huɗu da wata takwas. Ya ce babansa ne. Na tambayi cikinsa, ya ce yana nan, riga ce ta rufe." Na girmi 'yata da wata guda ina zana abin da na goge mata. Na ci gaba da buɗewa. A ta shekara shida na cire wa gidanmu rufi, na zana ɗakuna daga sama, kowa a kan gadonsa, har da randa a bayan ƙofa. A baya ta rubuta: "Malaminsu ya ce ba a ganin gida haka. Na ce a ƙyale shi." Sana'ar da nake taƙama da ita ke nan, a kan takardar nama, kuma don an ƙyale ni ne.

A ƙarƙashin nawa akwai wani ƙunshin, sabo, na takardu goge sumul da ba a taɓa ba. Ta maƙala 'yar takarda a jiki: "Na ƙawata. A ajiye inda hannunta zai kai. Kada kowa ya ce mata ta zana."

Na kai su gida na ɗora a kan ɗan teburin falo, da fensir biyu a gefe. Sai jira, ni kuwa ban iya jira ba. In dawo daga ofis, kafin in cire takalmi idona na kan teburin. In ƙirga takardun, ko ɗaya ba ta ragu ba. Sau biyu na buɗe baki zan ce, "Mamana, ga takarda fa," matata ta harare ni na haɗiye. Na matsar da teburin kusa da taga, na dawo da shi. Na feƙe fensiran da ba a taɓa ba. Matata ta ce, "Don Allah ka fita ka sha iska, kana sa mu juwa." Yarinyar kuwa ta wuce ta gabansu kamar ba ta gani ba. Abu ɗaya ta tambayi uwarta, ina aka kai Kaka, haka take kiran Gwaggo. Uwar ta ce an sa ta a cikin ƙasa, tana wajen Allah. Ta ce, "In an yi ruwa fa?" Uwar ta ce ta je ta wanke hannu.

Ranar Asabar ta biyu, da azahar, aka tsuge da ruwa irin na Jos, mai haɗe da ƙanƙara, kwano na ta ƙara har ba ka jin maganar na kusa da kai. Ina tsaye a bakin taga. Ban ji motsinta ba, sai ji na yi an taɓa min ƙafa.

Takarda ce a hannunta na dama. A na hagu kuma kilina ce, tawa, ta ɗauko daga jakar ofis. Ta miƙo min su tare, idonta a ƙasa.

Na karɓi takardar kawai. Ta ja layi ya raba ta biyu. A ƙasan layin ga mace a kwance, ta kusa cika faɗin takardar. Tana da kai, tana da wuya, tana da jiki sanye da zane mai ɗigo-ɗigo, da hannuwa daga kafaɗa, da yatsu biyar a ɗaya, shida a ɗayan. Ga tabarau a kan hanci, ido a buɗe. Wata bakwai hannun nan yana ɓoye a bayanta, amma kan bai tsaya jirana ba. Alhaji Kai-da-Ƙafa ya tafi da kansa, kamar yadda Gwaggo ta ce, ni ko sallama ban bari sun yi ba.

Bakina ya ɗauko "Mene ne wannan?" don shi ya saba. Na danne. Na ce, "Mamana, ba ni labarinsa."

Ta ɗago ta dube ni, ta ga da gaske nake. Ta sa yatsa ta ce, "Wannan Kaka ce a cikin ƙasa. Wannan ruwa ne. Amma ba ya taɓa ta, na yi mata rufi." Sai a lokacin na lura da wani ɗan layi mai lanƙwasa a saman kan Gwaggo. A bisa ƙasa kuma, cikin ɗigon ruwan, ga wani ɗan mutum siriri, ƙafafunsa sun ninka jikinsa tsawo.

Na ce, "Wannan fa?"

"Kai ne."

"Me ya sa ƙafafuna suka yi tsawo haka?"

"Don ba ka zama."

Na zauna. A nan ƙasa, kan siminti mai sanyi, na naɗe ƙafafun. Na juya takardar na ɗora a gwiwa, na rubuta shekara biyar da wata biyu, na rubuta duk abin da ta faɗa ban gyara ko kalma ɗaya ba. Layin ya karkace, na bar shi a haka. Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata, ya haskaka inda take kwance. Ni kuma Allah ya sa ta yafe min maganar da ban samu na janye ba.

'Yata na tsaye har yanzu da kilinar a tafin hannunta. Ta ce, "Baba, ba za ka goge ba?"

Na ce, "A'a, Mamana. Babu abin gogewa."

Ta dube ni. Sannan ta ajiye kilinar a ƙasa, ta koma wajen teburin ta jawo takarda ta biyu.